Na Je Kano da Buta da Zane Biyu

Tun da na dawo daga Kano bakina bai huta ba. A bakin famfo a tambaye ni, a wajen niƙa a tambaye ni, har waɗanda suka yi shekara ba su ce mini ina kwana ba yanzu sun gano hanyar gidana. Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na roƙi maƙwabciyata Madam Zuwaira, wadda ta tsufa tana koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko, ta zauna da biro da takarda, ina faɗa tana rubutawa, don ni ko alif ban iya ja ba. Mai son labari ya je ta karanta masa. Na ce mata in kuka ya zo mini ta dakata, ba sai ta rubuta shi ba.

Sunana Dije, a nan Matameye aka haife ni. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya rasu shekara biyu ke nan, kuma har yau in na dama fura sai na ga na dama ta mutum biyu. Ɗan cin rani ne. Da an gama girbi sai ya tafi Kano sayar da ruwa, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Duk dawowa da kwanuka yake zuwa mini, langa da samira da fanteka, har jerena ya kai rufin ɗaki, mata suna kawo amare su gani.

Da na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ina kan tabarma ɗaya, da zane ɗaya, da kwano ɗaya. Da na fita sai na duba, ban ga abin da na rasa ba in ba shi ba. Na kira mata na rabar da jeren kaf, da gadon ƙarfe, da akwatuna. Kowa ta ɗauka tana sa mini albarka. Hajiya Gambo, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ita ta ɗauki babbar fanteka, kuma ita ta fara cewa na zautu. Da aka kawo mini anko na bikin jikarta na ce jikina ɗaya ne, kuma a rufe yake, sai magana ta ƙare. Aka daina kirana biki da suna. Aka hana amare shiga gidana, wai kada abin ya shafe su.

Labari ya kai kunnen ɗana Sanusi, mai sayar da tayoyi a Kano, wanda ya yi shekara tara bai kwana biyu a jere a Matameye ba. Ya kira wayar Madam ya ce, “Inna, ki zo ki ga jikoki.” Amma Hajiya Gambo ba ta iya riƙe magana. Ta leƙo ta katanga ta ce, “Dije, sai ki yi sallama da gari. An gyara miki ɗaki a can, za a sa wa wannan ɗakin kwaɗo.” Nan na gane ba ziyara aka kira ni ba. A ɗakin nan Malam, maigidana, ya cika, kansa a cinyata, kuma ba ni da niyyar a fitar da ni daga cikinsa sai a makara. In na ƙi zuwa, Sanusi zai zo da mota da mutane. Sai na ce gara in je da ƙafata, in ga ko zan dawo da ita.

Na ƙulle zane biyu da carbi da katin shaida a ɗankwali, na ɗauki butata, na nufi tasha da hantsi. Mai lodi ya dube ni ya dubi bayana.

“Inna, ina kayan?”

Na ɗaga masa ƙullin.

“A'a, kayan tafiya nake nufi.”

“Ni ce kayan. Ka nema mini wuri kusa da taga.”

Ya kira direba, direba ya kira wani, suka tsaya suna kallona kamar an kawo akuya mai ƙafa biyar. Direba ya ce shekara ashirin yana bin hanyar nan, bai taɓa ɗaukar mace da ba a yi faɗa da ita a kan kaya ba, har ya ji ba daɗi.

Kusa da ni aka zaunar da wata 'yar kasuwa mai haƙorin Makka, wadda kayanta suka cinye rabin but da dukan saman mota. Tun kafin mu fita gari ta fara kirana Gwaggo, ta ba ni goro, ta ba ni dabino. Na ce a raina yau na haɗu da 'yar halak. Sai da muka doshi Ɗan Barto, bakin iyakar Nijeriya, ta matso kunnena.

“Gwaggo, dila uku na atamfa da ke baya, in an tambaya ki ce naki ne. Kayan auren jikarki. Ba a matsa wa tsofaffi.”

“Jikata shekararta shida.”

“Ai ana tari tun da wuri.”

Ban ce mata komai ba, don bakina cike yake da dabinonta. Da muka tsallaka aka tsayar da mu wajen masu duba kaya, wani mai kaki, yaro mai ladabi, ya sa aka sauke komai, yana nuna kowane ƙunshi yana tambayar mai shi. Da ya zo kan dilolin sai ta yi wuf ta ce na tsohuwar nan ne. Ya juyo.

“Mama, naki ne?”

Na ce, “Ɗana, na yi shekara guda mutanen garinmu ba sa gaishe ni saboda na rabu da kaya. Ba zan zo bakin iyaka in haifi dila uku ba. Ga nawa.” Na ɗaga buta.

Ya yi dariya har ya dafa mota, sannan ya tafi da ita ofis a yi abin da doka ta ce. Muka yi awa biyu a rana. Da ta dawo babu wanda ya ƙara yi mini magana a motar nan. Wani dattijo a gaba ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, “Tafiya ai rufin asiri ce.” Ita kuwa ta miƙo hannu ta ɗauke sauran dabinon daga cinyata. Ni abin bai dame ni ba, na saba. Na dai yi mamaki yadda na bar wariya a Matameye da safe, kafin azahar ta riga ni tsallaka iyaka ba tare da an tambaye ta kati ba.

A Daura aka tsaya salla da cin abinci. Kowa ya kama gefensa, ni na sayi fura wajen wata Bafulatana. Furarsu ba laifi, sai dai suna zuba mata sukari kamar suna jin haushin gero. Daga nan har Kazaure barci na yi, mai haƙorin Makka tana ture kaina daga kafaɗarta.

Kano kuwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ku ɗauki ranar kasuwarmu, ku zuba ta a kan wata ranar kasuwar, ku hana kowa komawa gida. Sanusi ya tarye ni a tasha, ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa. Ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa na neman kaya a bayana. Da ya ga babu sai ya karɓi butar ya ɓoye ta cikin babbar rigarsa, kada wani wanda ya sani ya gani. Muka shiga wani keke mai ƙafa uku da ke tafiya kamar zakaran da aka yanka bai mutu ba.

Abu na farko da na lura da shi, a Kano duk tsohuwa Hajiya ce. Mai keke ya ce Hajiya, mai gadi ya ce Hajiya. Ina ta cewa ban je ba tukuna, har Sanusi ya ce, “Inna, don Allah ki bari, haka ake yi.” Na ce to in haka ne mutanen garinmu da suka sayar da gona suka tafi Makka sun yi asara, da Kano suka zo.

Matarsa Bilkisu ta karɓe ni hannu biyu, yarinyar kirki, ba ni da abin faɗa a kanta. Amma gidan nan, in kana son ka je daga ƙofa zuwa kujera sai ka yi ta karkacewa kamar mai ratsa gonar dawa. Kujeru manya, an lulluɓe su da leda, ba a zama a kai. Kwaba ta gilashi cike da tangaran, ba a ci a ciki. Akwai labule a bayan labule. Na tambayi Bilkisu sunan maƙwabciyarta, ta ce ba ta sani ba, shekara huɗu suna katanga ɗaya. Na ce lallai akwai abin da Kano ta fi mu, na tuna da Hajiya Gambo.

Ɗakin da aka gyara mini, gadonsa ya kai mini ƙirji. Na dube shi na ce ko raƙumi sai ya durƙusa ake hawansa. Na shimfiɗa zane a ƙasa na kwanta. Da safe Bilkisu ta shigo da shayi, ta gan ni a ƙasa, ta saki faranti ta fita tana kiran mijinta wai Inna ta faɗo. Kafin in tashi zaune har an fara murza mini ƙafa da man zafi. Na bari suka gama, don ƙafar dama tana ciwo.

Abinci kuwa sau uku, kowanne da nama, ga shinkafa fara fat ba ta da nauyi a ciki. Jikokina suna cin wata taliya mai lanƙwasa kamar tsutsa, an dafa ta kafin a gama alwala. Ruwan sha a leda yake, a ciza a tsotsa. Kwana uku ina neman tuwon gero da miyar kuka, aka ce sai an aika kasuwa.

A rana ta huɗu Sanusi ya ce za mu je a duba mini ƙafa. Da muka shiga sai na ga likitan bai ko kalli ƙafar ba. Ya sa Sanusi ya zauna gefe, ya fuskance ni.

“Mama, kin san inda kike?”

“Kano. Kai ba ka sani ba?”

“Kina jin muryoyi, alhali ba kowa a ɗaki?”

“Kullum. Ta Hajiya Gambo, ta katanga.”

“An ce kin rabar da kayanki duka. Me ya sa?”

“Likita, riga nawa gare ka?”

Ya ce bai ƙirga ba.

“Nawa ka sa yau?”

Ya duba jikinsa ya yi murmushi. Ya tambaye ni ko ina kuka, na ce ina yi, safe da yamma, mijina ne ya mutu ba kaza ba. Ya rubuta wani abu, ya ce wa Sanusi, “Mahaifiyarka lafiyarta ƙalau. Kewa ce, kuma ba ni da allurarta. Kai dai zo in gwada ka, tun da kuka shigo nake jin numfashinka.” Aka ɗaura masa abin awon jini a hannu. Mu da muka je a duba ni, Sanusi ne ya fito da ƙunshin magani da dokar hana gishiri.

Da muka isa gida ya ce, “Inna, ko lafiyarki ƙalau, ba za ki koma ba. Kin san abin da ake faɗa a kaina? Wai ina Kano ina cin nama, uwata tana kwana a ƙasa da kwano ɗaya. Wanda duk ya zo daga gida sai ya faɗa mini.”

Na ce, “Na ji. Amma kafin ka rufe ni, kai ni inda ubanka ya yi aiki. Shekara arba'in ina jin sunan unguwar, ban taɓa gani ba.”

Shi ma ashe bai taɓa zuwa ba. Washegari muka yi ta tambaya har muka sami masu ruwa a bakin wata rijiyar burtsatse, yanzu kura suke turawa cike da jarkoki. Yawancinsu yara ne, ba su san shi ba. Sai aka nuna mana wani tsoho mutumin Kurni, can wajenmu, Malam Idi, wanda ƙarfinsa ya ƙare, yana zaune yana tsare musu layi. Da na faɗi sunan da ake kiran maigidana da shi, ya miƙe tsaye.

“Ke ce mai kwanuka?”

Na ce ni ce.

Ya ja mu zuwa wata baranda a bayan shago, faɗinta bai fi tabarma biyu ba. Ya ce nan suke kwana su shida. Ya nuna wata ƙusa a bango ya ce nan maigidana yake rataye jakarsa, kuma duk abin da ya mallaka a Kano yana cikin jakar. A lokacinsu babu kura, sanda ce a kafaɗa da garwa biyu. Ya ce, “Mu mukan sayi tsire ranar Juma'a, shi ba ya saye. Sai ya ce akwai wata samira da ya gani a kasuwa. In ya saya ya kawo nan ya buɗe mana, ya ce duk Matameye ba macen da ta kai tasa jere.” Malam Idi yana faɗa yana dariya, yana zaton daɗi zan ji.

Madam, dakata.

To. Na zauna a barandar nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Da na samu numfashi na ce wa Sanusi, “Zauna, ka ji abin da likita ya tambaya ban faɗa masa ba. Kwanon da ubanka ya fara kawo mini, na yi murna, na nuna wa mata. Da ya ga na yi murna sai ya ƙara. Ni kuma ban taɓa ce masa ya isa ba, don ina son a zo a gani. Ko sau ɗaya ban ci abinci a cikinsu ba. Da ya rasu na zauna takaba ina kallonsu, sai na ga kowane kwano rani guda ne da ba ya gida. Na tara kwanuka, na rabar da miji. In kai ne za ka iya kwana da su a kanka?”

Sanusi ya juya wajen bangon. Ya daɗe yana kallon ƙusar. Malam Idi ya rasa abin yi, ya kawo mini ruwa a leda.

Bayan kwana biyu Sanusi ya ce ya yarda in koma. Na yi hamdala, ban san da saura ba. Ranar tafiya muka iso tasha na tarar an riga an kai kaya: katifa, buhun shinkafa, kuloli masu fure, akwati cike da atamfa, har da fanka, ni da ba ni da lantarki. Mai lodi yana ta murna.

“Na wane ne wannan?”

“Naki ne, Inna. Ba za ki shiga Matameye daga gidana da buta ba. A bar ni in rufe bakin mutane.”

Na nemi wani benci na zauna. Na ce in kayan sun shiga, ni ban shiga ba. Direba ya yi roƙo, fasinjoji suka sa baki, wata ta ce ita a ba ta uwar miji irin wannan matsalar. Sanusi yana gumi yana cewa, “To me zan ba ki? Faɗi abin da kike so, ko mene ne.”

“Ubanka ma haka yake tambayata, ni kuma in faɗi abin da ake sayarwa. Kujerar kusa da ni ba kowa.”

“Inna, shago.”

Bilkisu ta miƙa hannu ta zare makullin shagon daga aljihunsa. Ta ce, “Ƙanena zai zauna. Tayoyi ba sa ruɓewa. Likita ma ya ce ka huta.” Sannan ta matso ta ce mini a hankali, “Inna, kulolin nan kada ki damu, zan mayar. Ni ma na gaji da goge waɗanda ke gida.”

Haka muka taho, shi da rigar jikinsa da ƙunshin magani. A bakin iyaka ba mu yi minti goma ba.

Da la'asar muka shiga gari. Kafin in kunce ɗankwali mata sun cika tsakar gida, don duk abin da ake faɗa a kaina, ba a ƙin tsarabar Kano. Hajiya Gambo ce a gaba. Ta duba ɗaki, ta duba bayan ƙofa.

“Dije, ina abin da aka samo?”

Na nuna mata Sanusi, ya miƙe a tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi, ya riga ya fara minshari.

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Wannan ai ba ya rabuwa.”

Aka yi dariya, har da ni. Wasu suka tafi da fushi, wasu suka zauna a ƙasa, tunda ba kujera, suka ce in ba su labari. Ba zan ce an daina cewa na zautu ba. Ana faɗa, sai dai yanzu a gabana ake faɗa, kuma na fi son haka.

Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ya je kabarin ubansa, ya toshe inda rufi ke yoyo, ya ci tuwon gero ba gishiri yana ɓata fuska. Ranar da zai koma, da safe, ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kallon bangon da jere yake a da.

“Inna, Baba ya taɓa yin rani a ɗakin nan kuwa?”

“Sau ɗaya. Wanda ya rasu a cikinsa.”

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, “In an gama girbi zan zo da Bilkisu da yara, mu yi wata guda. Me za mu taho miki da shi?”

Na ce, “Ku taho da bakinku. Gero akwai.”